Hannun Baƙuwa

Tun da idanuna suka fara hazo nake yawan komawa garinmu na bakin kogi. Ba da ƙafa nake zuwa ba, don yanzu babu mai zuwa can sai kifi. Ina zaune a nan unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, a saman bene, mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, masu tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, suna ta hon, amma a ƙarƙashin hayaniyar sai in ji wata ƙara da na sani, kukan sakiya, wato keken ɗiban ruwan nan da shanu ke juyawa, yana kuka kamar tsohuwar ƙofa tun hantsi har la'asar. Likita ya faɗa wa ɗana, ɗana ya ɓoye mini, jikata Rabi ta faɗa mini, don ita magana ba ta kwana a bakinta: hasken da ya rage mini kaɗan ne, kuma babu aikin da zai dawo da shi. Ban yi kuka ba. Na ga abin da Allah ya nufa in gani. Abu guda ne ya tsaya mini a rai, wata tambaya da mahaifiyata ta bar mini, wadda sai da ido ake amsa ta.

Mu Takari ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare, hanya ta karkata da su, suka bi kogi har suka tsaya a wani ƙaramin gari can inda Masar ke ƙarewa Sudan ke farawa. Mutanen garin suna bakin ruwa cikin dabinonsu, mu kuwa unguwarmu tana baya, a kan tudu. Baba mai wanki da guga ne. Inna kuma ɗiban ruwa take yi da garwa, ta kai gidan wannan ta kai gidan wancan, in ta dawo ta taya Baba. Ita ce ke jiƙa masa tufafi kafin ya ɗora dutsen gugar gawayi. Takan cika baki da ruwa, ta kumbura kumatu, ta fesa, ruwan ya fito siriri kamar hayaƙi, ya sauka a kan riga ba tare da ɗigo ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma ba. Yau 'yan guga da robar fesawa suke yi. Na taɓa gwada wa Rabi ta baki, ta ce, “Kaka, don Allah kar ki yi a gaban mutane.”

Tsakanin kogi da unguwarmu akwai wani kango wanda yashi ya cike rabinsa. Ɗaki guda ne ya rage da rufinsa, yana da sanyi kamar cikin randa, a nan masu ɗiban ruwa ke sauke garwa su huta. A jikin bangonsa akwai mace. In bangon ya bushe, ba ka ganin komai sai inuwa-inuwa, kamar tabon da hayaƙi ya bari. Amma in wata ta jiƙa tafin hannu ta shafa, sai launi ya taso. Bangon da ke bayanta ja ne wur, rigarta ruwan ganye, gashinta a naɗe a tsakiyar ka, da 'yan kunne masu lilo. Bisa kanta reshen inabi ne, da wani ɗan tsuntsu yana leƙen 'ya'yan. Ƙafarta ɗaya tana gaba, kamar yanzu ta shigo. Ta miƙo hannun dama, sai dai daidai wuyan hannun yaɓen ya faɗi tun kafin a haifi kakanninmu. Ba wanda ya san ta. Mutanen gari sun ce ba tasu ba ce, mu ma ba tamu ba ce, don haka matan unguwarmu suka sa mata suna Baƙuwa. In sun shigo su ce, “Baƙuwa, sannu da tsayuwa.” In za su fita su ce, “To, mu mun yi nan, ke da ba ki da miji mai jiran ruwa.”

Musun da ba ya ƙarewa a ɗakin nan shi ne abin da ke hannunta. Wata ta ce fitila, wata ta ce madubi, wata mai baƙin ciki ta ce wuƙa. Inna takan ce moɗa ce, don babu macen da za ta tsaya haka a bakin ƙofa ta miƙa hannu in ba ruwa take ba baƙo ba. Inna mace ce mai son sanin abu. Takan zauna ta zuba wa bangon ido har ruwan garwarta ya ɗumama, tana tambayar da ba mai amsawa. Wa ya yi mata kitso? Inabin nan a ina ya fito, tunda mu ba mu taɓa ganin inabi a ƙasar nan ba? Wanda ya zana ta, yana sonta ne ko sa shi aka yi? Ni ina yarinya, nakan ji kunya in mata suna yi mata dariya. Yanzu da na tsufa na ga duk tambayoyin nan nawa ne.

Sai aka fara cewa za a tare kogi can arewa, ruwa zai dawo baya ya hau gari, ya hau dabino, ya hau har tudunmu. Tsofaffi suka ce ƙarya ne. Amma baƙi suka fara zuwa, masu awo da masu haƙa, kowa da hular rana. A cikinsu akwai wata mata doguwa 'yar Iskandariyya, mai wando kamar namiji, tana Larabci irin na birni. Ba ta haƙa, ba ta awo. Tana da ɗan akwatin gwangwani, a ciki akwai ƙwayoyin launi jere kamar alewa, da buroshi sirara, da takarda mai kauri a manne a jikin allo. Aikinta ta kwafe abin da ke jikin bango kafin ruwa ya zo. Ita ce ta fara faɗa mana cewa Baƙuwa ta zamanin Rumawa ce, tun kafin zuwan Musulunci ƙasar. Muka sa wa mai zanen suna Sitti, wato uwargida.

Ranar da Sitti ta fara aiki a kango, ni da Inna muka shigo da garwa muka tarar da ita tana faɗa da mutumin da ke ɗaukar mata kaya. Ta ce masa ya jiƙa bango don launi ya fito, shi kuwa ya ɗauki bokiti ya watsa. Launi ya fito, amma wani ɓangaren yaɓe kamar faɗin tafi ya ɓalle daga gefen rigar Baƙuwa ya faɗi ƙasa. Inna ta sauke garwa. Ta ɗebi ruwa da moɗa, ta cika baki, ta matsa kusa, ta fesa a kan fuskar. Idanun Baƙuwa suka buɗe a hankali, kamar wadda aka tasa daga barcin rana, ko ƙwayar yashi ba ta motsa ba. Sitti ta tsaya da buroshi a hannu. Can ta ce, “Kaman,” wato a ƙara. Daga ranar Inna ta zama mai tada mata Baƙuwa.

Baba bai so ba. Ya ce, “Ke yanzu duk aikin duniya ki rasa na yi sai shayar da gunki? Mala'iku ba sa shiga inda hoto yake.”

Inna ta ce, “Malam, ai ba ɗakinmu ba ne, nata ne. Kuma ba na roƙon ta komai. Ita ce ma ke buƙata ta.”

“Unguwa ta ɗauka tofi kike yi wa aljana.”

“Unguwa ta sa rigunan da na fesa da bakin nan ta je masallaci da su.”

Baba ya juya dutsen guga ya hura gawayi, bai ƙara magana ba. Haka yake bayar da izini.

Yadda suke aikin kuwa abin kallo ne. Inna za ta fesa wuri kamar faɗin faifai, ba ta wucewa. Launi ya taso, Sitti ta duba, ta tsoma buroshi a ruwa, ta taɓa ƙwayar nan ta taɓa waccan, ta gwada a gefen takarda, ta duba bango, ta sake gwadawa. Kafin ta gama zafin ƙasar nan ya shanye ruwan, Baƙuwa ta koma inuwa. “Kaman, ya Ummu Garba,” don da sunan wana take kiran Inna. Inna ta sake fesawa. Ni ina riƙe da moɗa ina mamakin abin: ruwa ke tada ta a bango, ruwa kuma ke kwantar da ita a takarda. Inna ce ta fara lura cewa kullum jan da ke bayan Baƙuwa yana raguwa, abin da ya taso jiya yau ba ya tasowa duka. Ta faɗa wa Sitti da Larabcinta mai tsakuwa. Sitti ta ce, “Na sani. Kowace fesawa tana ɗaukar rabonta. Amma kogi yana tafe, shi ba zai bar komai ba.” Daga nan Inna ta rage ruwan da take ɗauka a baki, har ya zama kamar numfashi kawai take yi wa bangon.

Da aiki ya yi nisa, Inna ta leƙa takardar ta ga abin da bai yi mata daɗi ba. Duk inda yaɓe ya faɗi a bango, Sitti ta bar wurin fari fat. Har ɓangaren da mai bokiti ya ɓalle, fari. Hannun dama ya zo wuyan hannu ya tsaya.

Inna ta ce, “Sitti, kin manta hannu.”

“Ban manta ba. Babu shi.”

“To ai shi ya sa za ki sa mata.”

“Abin da ban gani ba ba na zanawa. In na sa, wanda zai zo bayana zai ɗauka haka yake.”

“Ke da kika iya tsuntsu da ƙafafunsa, yatsu ne za su gagare ki?”

Sitti ta yi dariya ta ce ba gagara ba ce, amana ce. Inna ta ce ita ba ta san amanar da ke barin mace dungu ba. Suka yi ta wannan ja-in-ja kullum, cikin raha, amma na san a wurin Inna ba wasa ba ne. A hanyar gida takan ce da ni, “Ta bango ruwa zai rufe ta. Ta takarda ce za ta zauna a duniya. In ba a sa mata yanzu ba, har a tashi kiyama haka za ta tsaya tana miƙa wa mutane babu.”

A ranar ƙarshe, an riga an ɗaure kayanmu, an cire ƙofofin gidaje an jingine. Inna ta je kango ba garwa. Ta tsaya a gefen Baƙuwa, ta sa ƙafa ɗaya gaba, ta miƙa hannun damanta ta ce, “In ba ki gani ba ne matsalar, ga shi, duba.” Da lalle a tafinta, na sallama da matan unguwa suka ƙunsa. Ƙaramin yatsanta a karkace yake, tun ranar da garwa cike ta faɗo masa. Sitti ta daɗe tana duban ta. Ta ce, “Naki baƙi ne, ita ja ce.” Inna ta ce, “In ya yi mata baƙi ki wanke, ai kina da ruwa.” Ta juyo za ta karɓi moɗa a hannuna, Sitti ta ce, “A'a, kada ki riƙe komai.” Inna ta tsaya haka, hannu a buɗe, tana ta motsa yatsu kamar ba ta san inda za ta sa su ba. Ban taɓa ganin hannun nan babu komai a cikinsa ba sai ranar. Sitti ta karkata allon yadda ba ma gani, buroshi yana tafiya. Sai Garba ya shigo a guje ya ce jirgin ruwa zai tashi, Baba yana ta faɗa. Inna ta ce, “Bari in gani.” Sitti ta ce bai bushe ba, in aka ɗaga zai zuba. Muka fita da gudu. Ba mu sake ganin Sitti ba.

Aka kai mu wani fili mai nisa, gidaje a jere masu rufin kwano, ba kogi, ba tudu, ba dabino. A can na yi aure, a can na haihu, a can muka binne Baba. Inna ba ta cika zancen tsohon gari ba, ba kamar sauran mata ba da ke kuka in an ambaci dabino. Sai dai tana cikin tsintar shinkafa ko tana yi wa jika wanka, sai ta tsaya ta ce, “Ko ta sa mata?” Ba sai ta faɗi wa ba. A ciwonta na ƙarshe ma, ina ba ta ruwa a moɗa, ta dubi hannunta ta ce, “Ke, kina ganin matar nan ta sa mata kuwa?” Na ce ta sa, Inna. Ta ce, “Ba ki gani ba, kar ki faɗa.” Ashe maganar Sitti ta shige ta ita ma.

Yaƙin Sudan ne ya kawo mu Alƙahira da tsufana. A nan bango ba ya rasa hoto, tallar waya, tallar likitan haƙori, fuskoki manya kamar gida, gobe a yage a manna wani. Ba mai ce musu sannu da tsayuwa. Na ba Rabi labarin Baƙuwa har ta haddace, takan riga ni faɗin “kaman”. Ran nan ta dawo daga makaranta ko takalmi ba ta cire ba, ta tura mini waya a fuska. “Kaka, tsohuwar ƙawarki ce ko ba ita ba ce?” Wai an baje tsofaffin zanen fentin ruwa a wani zaure a tsakiyar gari, kwafin hotunan bangon da ruwa ya rufe. Na kai wayar har hancina. Na ga ja, na ga ruwan ganye, na ga kamar ɗan kunne. Amma hoton daga kafaɗa ya tsaya. Na ce, “Ɗauko mini mayafi.” Ɗana ya ce hanya da nisa, ga cunkoso, ga masu duba takardun zama, a bari sai ya sami hutu. Na ce masa idona ba ya jiran hutunsa. Ya dubi Rabi, ya gane ta faɗa mini. Shi ma irin Baba ne, ya sunkuya ya ɗaure mini igiyar takalmi.

Muka hau 'yar bas ɗin da suke kira mikrobas zuwa Abbasiya, muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Rabi tana jan hannuna tana cewa, “Yalla, yi sauri Kaka, ba sakiya ba ce, ba ya jira.” Zauren yana da sanyi kamar kangon nan namu, sai dai duhu-duhu ne. An rage fitilu. Muka bi bango, Rabi tana faɗa mini abin da ke cikin kowane gilashi, jirgin ruwa, doki, tulu, har ta tsaya ta matse mini hannu. Na matsa. Ban ga komai ba sai inuwa-inuwa, daidai yadda Baƙuwa take in bango ya bushe. Wallahi ban yi tunani ba. Na zare gorar ruwa daga jakar Rabi, na cika baki, na kumbura kumatu.

“Kaka! Innalillahi! Haɗiye!”

Ta toshe mini baki da tafinta. Na haɗiye, na sarƙe, na yi ta tari. Wata yarinya Bamisriya mai kula da wurin ta rugo tana cewa, “Ya Hajja, lafiya?” Rabi, kunya kamar ta nutse, ta yi mata bayani da Larabci cewa kakarta ba mahaukaciya ba ce, haka ake tada matar nan a garinsu. Yarinyar ta ce in sake faɗa. Na faɗa mata, da garwa, da bokiti, da hannun. Ta ce, “Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajja. Mun rage fitila ne don haske yana cin fentin ruwa.” Na ce ashe har yanzu duk mai son ganin ta sai ya ɗebi rabonsa. Ta tafi ta dawo da 'yar tocila da gilashin nan mai ƙara wa abu girma. Ta ce kaɗan za ta haska, ba za ta daɗe ba.

Haske ya sauka, Baƙuwa ta buɗe ido. Jan nan yana nan wur, irin na ranar farko, kafin fesawa ta rage shi. Ga tsuntsu, ga inabi. Na ce, “Baƙuwa, sannu da tsayuwa.” Na bi kafaɗarta da gilashi, na bi damtse, na bi gwiwar hannu, na zo wuyan hannu. Fari. Takarda ce kawai. Na tsaya a wurin ina jin kamar garwa cike ce a kaina. Na ce, “Shi ke nan, kashe.”

Yarinyar ta sauke tocilar za ta kashe, hasken ya bi ta ƙasan takardar, wajen layin da ya kewaye hoton, inda Sitti ke gwada launi. Rabi ta ce, “Tsaya. Kaka, duba nan.” Na kai gilashi. A tsakanin ɗigon ja da ɗigon ruwan ganye akwai hannu, shi kaɗai, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Baƙi ne, ba ta wanke shi ba. Da lalle a tafi. Ƙaramin yatsan a karkace. A buɗe yake, ba komai a ciki.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na san yarinyar ta ce kaɗan za ta haska, kuma ba ta kashe ba sai da na ɗago da kaina. Rabi tana share hanci da gefen mayafina tana cewa mura ce. Ni kuwa na gyara tsayuwa, don amsa zan bayar, kuma wannan karon na gani da idona.

Na ce, “Inna, ba ta sa mata ba. Amma ta ajiye mata shi a gefe, in ta tashi buƙata.”